Komawa Ajiya da Sake Lale: Adalci da Ladabin Wasa a Gasannin Dabaru na Intanet

Tsakure

Wasannin dabaru na kwamfuta sun zo da wata dama wadda darar gargajiya ba ta san da ita ba, wato ɗan wasa ya adana halin da wasa yake ciki, ya ci gaba da bugawa, in sakamako bai yi masa daɗi ba ya koma inda ya adana tamkar ba a yi komai ba. Wannan maƙala ta yi bayanin matsayin wannan dama a gasannin da ake gudanarwa ta intanet. Ta fayyace abin da komawa ajiya ke bai wa ɗan wasa, ta duba siffofin gasa huɗu da irin matsalar da ke tasowa a kowace, sannan ta kawo matakan da kamfanoni suka ɗauka da inda ƙarfinsu ya tsaya. Maƙalar ta nuna cewa ana iya mayar da wasa baya, amma ba a iya mayar da abin da ɗan wasa ya riga ya gani. A kan wannan ne dokoki da ladubban komawa ajiya suka ginu.

Fitilun Kalmomi: Wasannin dabaru, ajiya, sake lale, ƙuri'a, amana

1.0 Gabatarwa

A gasar ces, wato darar Turawa, da aka yi a Linares ta ƙasar Sifaniya a 1994, Garry Kasparov ya ɗauki dokinsa a wasansa da Judit Polgar, ya sa shi a wani gurbi, sannan ya sauya shawara ya kai shi wani gurbin daban. Hoton bidiyo ya nuna daga baya cewa yatsunsa sun saki dokin na ɗan ƙanƙanin lokaci, alhali dokar ces ta ce wanda ya saki ɗan dara a gurbi ya gama motsinsa. Kasparov ne ya ci wasan, amma har yau ana ambaton wannan saki da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Dalilin haka shi ne duk wasan dabaru ya dogara ne kan cewa shawara tana da farashi: wanda ya zaɓa ya ɗauki nauyin zaɓinsa.

A dandalin dara, inda mutum biyu ke zaune gaban gurabe 30 kowa da 'ya'yansa 12, idanun 'yan kallo sun isa su hana mutum janye abin da ya dasa. A gasar intanet kuwa ɗan wasa yana ɗakinsa shi kaɗai, abokin karawarsa yana wata nahiya, na'urar da ke gabansa kuma tana da maɓallin komawa baya. Wannan maƙala ta ginu ne kan tambayoyi uku: yaushe komawa baya yake halal a gasa, yaushe yake zama maguɗi, kuma wa ke da ikon yanke hukunci?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Wasannin dabaru su ne waɗanda ɗan wasa ke jagorantar ƙasa ko runduna, yana tara dukiya, yana gina garuruwa, yana shirya yaƙi, nasara kuma ta fi dogara ga tunani da tsari. Sun kasu gida biyu. Akwai na bi-da-bi, inda kowa ke jiran layinsa, kamar Civilization wanda Sid Meier ya jagoranci ƙirƙirarsa, ya fara fitowa a 1991. Akwai kuma na kai-tsaye, inda kowa ke motsi a lokaci guda ba jira, kamar StarCraft na 1998 da Age of Empires II na 1999.

Ajiya ita ce fayil ɗin da ke riƙe da cikakken halin wasa a wani lokaci: inda kowane soja yake, yawan dukiya, da abin da aka gano na taswira. Komawa ajiya shi ne buɗe wannan fayil don a ci gaba daga wurin, a watsar da duk abin da ya faru bayansa. Sake lale, kalmar da aka aro daga bakin 'yan karta, na nufin soke wasa gaba ɗaya a faro sabo. Hazon yaƙi kuwa shi ne duhun da manhaja ke rufe sassan taswira da shi, don kada ɗan wasa ya ga abin da sojojinsa ba su kai gare shi ba.

3.0 Abin da Komawa Ajiya ke Bai wa Ɗan Wasa

Riba ta farko ita ce juya ƙuri'a. A yawancin wasannin bi-da-bi, manhaja ce ke jefa ƙuri'a don tantance wanda ya yi nasara idan sojoji biyu suka gwabza. A ɗauka wani hari yana da damar nasara ta kashi 30 cikin 100. Ɗan wasa mai hankali zai yi jinkiri kafin ya kai shi, domin sau bakwai cikin goma asara ce. Amma in yana iya komawa ajiya ya sake gwadawa da sabuwar ƙuri'a, lissafi ya nuna cewa a gwaji biyar damar ya dace aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 83, a gwaji goma kuma ta haura kashi 97. Ke nan harin da ya kamata ya zama kasada ya koma kusan tabbas, abokin karawa kuma zai ɗauka sa'a ce kawai ta juya masa baya.

Riba ta biyu ita ce sani, kuma ta fi ta farko haɗari. Ɗan wasa na iya tura ɗan leƙen asiri cikin hazon yaƙi, ya ga inda rundunar abokin gaba ta yi sansani, sannan ya koma ajiya. A cikin fayil ɗin ɗan leƙen asirin bai motsa ba, bai mutu ba, ba a gan shi ba. A cikin kan ɗan wasan kuwa taswira ta riga ta buɗe. Babu wata manhaja da za ta iya goge wannan.

Riba ta uku ita ce goge kuskure. Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Komawa ajiya yana kawo ta gaba: mutum ya ga ƙarshen shawararsa kafin ya ɗaure kansa da ita. Wanda ke wasa shi kaɗai da kwamfuta don nishaɗi bai cuci kowa da wannan ba. Da zarar an sa sakamakonsa a ma'auni ɗaya da na wani, to ya ci haƙƙin wanda ya haƙura da kuskurensa.

4.0 Siffofin Gasa da Matsalolinsu

4.1 Gasar Ajiya Ɗaya

Masoya Civilization na CivFanatics sun daɗe suna gudanar da gasar wata-wata, inda ake raba wa kowa fayil ɗin farawa iri ɗaya. Kowane ɗan gasa zai buga da kwamfuta a gidansa, ya miƙa ajiyarsa ta ƙarshe, a kwatanta maki da saurin nasara. Babbar dokar gasar ita ce ba a komawa ajiya don sauya abin da ya riga ya faru, kuma ba a buga taswirar sau biyu a miƙa wanda ya fi kyau. An yarda mutum ya adana ya tashi, gobe ya buɗe daga inda ya tsaya. In manhaja ta tsaya cak, sai ya koma ajiya mafi kusa, ya maimaita motsin da ya yi a baya gwargwadon iko. A nan babu abokin karawa da ke kallo, don haka kusan dukkan nauyin yana kan amanar ɗan wasa.

4.2 Wasa ta Imel

A wannan tsari ɗan wasa yana karɓar fayil, ya buga layinsa, ya aika wa na gaba. Wasa ɗaya kan ɗauki watanni. Kalmar sirri tana hana shi buɗe ɓangaren abokin karawarsa, amma ba ta hana shi buɗe nasa layin sau goma ya aika wanda ya fi masa daɗi. Wannan ce siffar da zargi ya fi yawa a cikinta, domin wanda ƙuri'a ta yi ta kayarwa ba shi da hanyar bambance mugun rabo da mugun abokin wasa. Zargin da ba hujja kuma yana kashe gasa kamar yadda maguɗin kansa ke kashe ta.

4.3 Wasa a Uwar Garke

Civilization IV, wanda ya fito a 2005, yana da tsarin da ake kira Pitboss. Wasan yana zaune ne a kan na'ura guda da ba ta mutuwa, 'yan wasa da yawa suna shiga lokacin da suka samu sarari, kowa ya buga layinsa kafin agogo ya cika. Ɗan wasa ba ya iya komawa ajiya da kansa. Mai riƙe da na'urar ne kaɗai ke iyawa, in kuma ya yi, ya mayar da kowa baya.

Abin da ya fi jawo buƙatar haka shi ne motsi biyu a jere. Tun da kowa na iya shiga a kowane lokaci, mai wayo zai jira ƙarshen layi ya matsar da rundunarsa, sabon layi na buɗewa ya sake matsar da ita, ya afka wa gari kafin mai garin ya ga ko ƙurar dawakai. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan wasa da yawa suka ɗora wa kansu ƙa'idar raba lokaci yayin yaƙi: ɓangare ɗaya ya buga a farkon layi, ɗayan a ƙarshe, a kiyaye wannan jeri har a yi sulhu. In wani ya karya, magani shi ne a koma ajiyar da ta gabaci laifin. Sai dai maganin yana da ɗaci, domin mutanen da ba ruwansu da rikicin za su rasa layin da suka riga suka buga, wasu kuma sun riga sun ga sakamakon yaƙe-yaƙensu.

4.4 Gasar Kai-tsaye

A wasannin kai-tsaye matsalar takan zo ne daga na'ura. A watan Janairun 2010, a wasan ƙarshe na gasar MSL ta StarCraft a Koriya ta Kudu, wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa na uku tsakanin Lee Jae-dong da Lee Young-ho, waɗanda aka fi sani da Jaedong da Flash. Babu hanyar dawo da wasan, sai alƙalai suka duba halin da ake ciki kafin ɗaukewar, suka ba Jaedong nasara. Ya ci gasar da 3 da 1, magoya bayan Flash kuma ba su gamsu ba. A watan Afrilun 2012 kuma, a wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyi ta StarCraft II da aka yi a Las Vegas ta Amurka, sadarwa ta yanke tsakanin MarineKing da PartinG a lokacin da masu kallo da yawa ke ganin PartinG ne a gaba. A wannan karon alƙalai sun ce a sake lale, MarineKing ya ci. Hukunci biyu mabambanta, kowanne ya bar wani da ƙorafi: na farko ya hana wanda ke baya damar farfaɗowa, na biyu ya ƙwace wa wanda ke gaba abin da ya tara.

Age of Empires II yana da nasa salon. Manhaja ce ke zana taswira da ƙuri'a a farkon kowane wasa, don haka wani kan tashi da zinariya da itatuwa a bayan gari inda suke da kariya, wani kuma nasa su faɗo a fili. Gasanni da dama sun ba kowane ɗan wasa 'yancin neman sake lale, adadi ƙayyadadde, a cikin mintunan farko kawai. Ban da wannan akwai sake lalen da alƙali ke bayarwa idan taswira ta fito da aibu, misali ma'adini ya maƙale inda ba a iya isa gare shi. Hikimar ƙayyade lokaci a fili take: ana so a yi gyara kafin ɗan wasa ya san ko dabararsa ta ci ko ba ta ci ba.

5.0 Matakan Fasaha da Iyakarsu

Mataki na farko shi ne ɗaure ƙuri'a. Ƙuri'ar kwamfuta jerin lambobi ce da ake samarwa daga lambar tushe guda, kuma tushe ɗaya jeri ɗaya yake haifarwa. In aka adana tushen a cikin fayil, wanda ya koma ajiya ya maimaita harinsa zai sami sakamakon da ya gudu daga gare shi. Civilization III na 2001 da Civilization IV suna da wannan tsari, haka ma XCOM: Enemy Unknown na 2012. Amma 'yan wasa sun gano cewa sauya jerin ayyuka yana sauya lambar da za ta faɗo kan kowane hari. Wanda ya san lamba ta gaba mummuna ce sai ya ƙona ta a kan ƙaramin aiki, ya ajiye mai kyau don babban hari. A nan ɗaure ƙuri'a ya zama wata ƙofar sanin gaibu ga mai niyyar maguɗi.

Mataki na biyu shi ne ajiya guda tak wadda manhaja ke sabuntawa da kanta, tsarin da ake kira Ironman a XCOM da Europa Universalis IV na 2013. Yana rufe hanya ga mai rauni, amma mai naci yana iya kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri.

Mataki na uku shi ne ƙirga. Kamfanin Slitherine na Ingila, mai buga Field of Glory II, yana riƙe fayilolin wasan bi-da-bi a uwar garkensa, tsarin kuma yana lura da yawan saukar da layi ɗaya. Masu gasar Civilization su ma suna amfani da ƙarin manhaja da ke rubuta tarihin buɗe wasa da rufe shi. Ƙirga tana nuna cewa an sake buɗewa, amma ba ta faɗin dalili. Wanda ke zaune inda wuta da sadarwa ke yawan yankewa zai tara adadi mai yawa ba tare da ya yi nufin komai ba, don haka hukunci da lamba kaɗai zai fi faɗawa kan mai ƙaramin ƙarfi.

Mataki na huɗu shi ne dawo da wasa daga naɗinsa. A 2013 kamfanin Blizzard ya ƙara wa StarCraft II damar ci gaba da wasan da ya yanke daga daƙiƙar da aka zaɓa. Wannan ya rage wa alƙalai irin tsaka-mai-wuyar 2010 da 2012. Duk da haka, in an koma baya da 'yan daƙiƙu, wanda aka shirya wa kwanton ɓauna ya riga ya gan shi.

6.0 Ladubban Komawa Ajiya

Tun da kowane mataki na fasaha yana da kafa, abin da ya rage shi ne ladabi. Daga al'adun gasannin da aka ambata ana iya tsamo ƙa'idoji shida.

Ta ɗaya, a duba sanadi. In na'ura ce ta gaza, ko sadarwa ta yanke, ko wani ya karya doka, komawa ajiya mayar da haƙƙi ne. In shawara ce ta ɓaci ko ƙuri'a ta ƙi, to wasan ke nan. Kuskuren yatsa yana tsakiya: wasu gasanni na yafe shi, wasu ba sa yafewa, ma'aunin da ya fi dacewa kuma shi ne ko kuskuren ya buɗe wa mai shi wani sani.

Ta biyu, a nema nan take. Wanda ya ga matsala ya yi shiru, ya jira ya ga yadda yaƙi zai kaya sannan ya ɗaga murya, yana neman cin riba biyu ne: in ya ci ya riƙe, in ya faɗi a soke.

Ta uku, a bayyana. Ɗan wasan da manhajarsa ta tsaya ya sanar da abokin karawa da alƙali kafin a tambaye shi, ya faɗi abin da ya riga ya gani. Komawar da aka ɓoye, ko da dalilinta na gaskiya ne, tana zama abin zargi ranar da aka gano ta.

Ta huɗu, mai amfana ba ya yanke wa kansa hukunci. Alƙalin da ba ya cikin wasan, ko yardar dukkan waɗanda abin ya shafa, shi ne madogara.

Ta biyar, a koma ajiya mafi kusa, a maimaita abin da aka yi. Wanda ya kai hari ya faɗi kafin a koma baya, ladabi ya ce ya sake kai shi, ko da yanzu ya san akwai rami a gabansa. Wannan ce ƙa'ida mafi nauyi, domin ita kaɗai ce hanyar rage amfanin sanin da ba ya gogewa, kuma sau da yawa ba mai iya tabbatar da cewa an bi ta sai mai ita.

Ta shida, a rubuta doka kafin a fara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar da ta fayyace tun farko adadin sake lale, da wa'adin nemansa, da wanda ke da ikon amincewa, ta kare alƙalanta daga zargin son kai.

Akwai kuma ladabin da ke kan wanda aka roƙa. Ɗan wasan da abokin karawarsa ya yanke saboda matsalar sadarwa yana iya samun nasara a bisa doka in ya ƙi jira. Da yawa sukan jira, su yarda a dawo da wasan, domin a gasar da mutane ƙalilan ke haɗuwa shekara da shekaru, wanda ya ƙi yi wa wani uzuri yau shi zai nema gobe. Haka nan wanda ke zargin maguɗi ya kai wa alƙali hujjarsa a keɓe, kada ya yayata sunan mutum a kan sa'ar da lissafi bai hana ta faruwa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi komawa ajiya da sake lale a siffofin gasa huɗu, ta nuna cewa ribar da suke bayarwa ta ƙunshi juya ƙuri'a, da sanin abin da ke ɓoye, da goge kuskure. An ga cewa ɗaure ƙuri'a, da ajiya guda, da ƙirga, da dawo da wasa daga naɗi duk sun rage ɓarna, amma babu wanda ya iya cire sani daga kan wanda ya riga ya gani. Don haka komawar da ta dace ita ce wadda ta mayar da kowa matsayin da yake kafin hatsari, aka neme ta da wuri, aka bayyana ta, wani daban ya amince da ita. Nauyin da ke kan masu shirya gasa shi ne su rubuta dokokinsu tun kafin wasan farko, su kuma saurari dalili kafin su hukunta da adadi. Nauyin da ke kan ɗan wasa shi ne wanda ke kan mai dara a gindin bishiya: abin da hannu ya saka a gurbi ya zauna, ko akwai mai kallo ko babu.